Haruffan Ƙyalle

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wajen Anti Tela ya san ta da hali biyu: ba ta saɓa ranar da ta sa wa mutum, kuma ba ta zubar da ƙyalle. Shagonta ɗakin gaba ne na gidan da suke haya, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗayar tana kallon tsakar gida. A ciki akwai keken ɗinki na ƙafa, da teburin yanka wanda bakin almakashi ya gama kartawa, da dutsen guga, sai buhu uku a ƙarƙashin tebur cike da guntayen yadin mutane.

Tana 'yar shekara goma sha huɗu ta bar makaranta ta shiga koyon ɗinki, kuma uwar ɗakinta ce ta dasa mata wannan hali. Matar nan in ta ga guntun yadi a shara, tsinto shi take yi ta ajiye a gaban wadda ta yar, ta tsaya tana kallonta. Yaran shagon sun gwammace mari da wannan kallon. Ita ce kuma ta koya mata ninke yadi gida huɗu kafin a sa almakashi, don a wajenta telar da ke yanka ɗaya-ɗaya ba ta san darajar rana ba. Shekara ashirin ke nan, hannun Anti Tela bai san wani yanka ba sai wannan.

Mijinta direban motar kaya ne, ranar Litinin yake fita, sai Asabar a ga fuskarsa. Yaransu biyu, duk mata. Auta shekararta huɗu, lafiyayya, ƙiriniya kamar an aiko ta. 'Yar Fari shekara shida, shiru-shiru, ga manyan idanu, kuma tana da sikila. Wanda bai taɓa riƙe yaro mai wannan ciwo yana murƙususu ba, ba zai gane abin da ya sa Anti Tela take duba sama kafin ta duba agogo ba. Sanyi da ruwa su ne abokan gabar gidan.

Wata safiya 'Yar Fari ta makara zuwa makaranta saboda shan magani. Dokar makarantar ita ce duk wanda ya makara ya tsaya a waje har a gama darasin farko. Aka fara yayyafi, yayyafi ya zama ruwa, ba wanda ya tuna da ita. Kwana tara suka yi a asibiti. Ranar da aka sallame su, Anti Tela ta wuce makarantar, ta faɗa musu abin da ke bakinta, ta ƙara da wanda ba ta shirya faɗa ba, ta ɗauko jakar 'yarta ta dawo gida. Ta ce wa mijinta, “Ta gama zuwa. Ni zan koya mata.”

Shi bai ce a'a ba, amma ya kira yayarsa. Gwaggo Malama, kamar yadda yaran ke kiranta, ta haura shekara ashirin tana koyar da 'yan aji ɗaya, kuma a gidajen malamai take zaune, tafiyar awa biyu daga nan. Ba muguwa ba ce, abin haushin ke nan. Da muguwa ce da an san yadda za a yi da ita. Ta zo ta zauna a kujerar masu kawo ɗinki, ta saurari komai, sannan ta ce, “Matarmu, ban ga laifinki ba. Amma ciwo daban, karatu daban. Ki ba ni ita. Daga ƙofata zuwa aji taku goma ne, ruwa ba zai taɓa ta ba.”

“Yaya, ko numfashinta ya canza ni nake fara ji. Wa zai ji a can?”

“To shi ke nan. Wata huɗu ya rage a yi hutu. Zan zo da littafi. In ta san haruffanta tana haɗa 'yan kalmomi, na sa miki albarka na koma. In ba ta sani ba, da ita zan tafi.”

Anti Tela ta kalli mijinta. Ya sosa ƙeya ya ce, “Maman yara, ai Yaya ta fi mu sanin karatu.” Da haka aka rufe magana.

Washegari ta jawo buhun ƙyalle. Ta san allo da bulala ba za su yi wa 'yarta ba. Yarinyar da ke tsorata da ƙarar rufe ƙofa, sai an bi da ita ta wasa. Ta zana harafi a kan kwali, ta ninke ƙyalle gida huɗu, ta yanka. Yanka ɗaya, A huɗu, duk daga jan yadin da ya rage na rigar matar mai kyamis. K huɗu daga wani kore mai ɗigo-ɗigo. M huɗu daga shuɗi mai sulɓi. R daga mai ratsin ruwan ɗorawa. Kowane ta manna shi a kwali, ta bi gefensa da ɗinki don kada ya zare. Cikin kwana uku ta gama haruffan kaf, ta jera su a kan tebur, ita kanta ta tsaya tana sha'awar aikinta.

Sai wasanni, kuma Anti Tela ba ta rasa dabara ba. Takan ɓoye haruffa a ƙarƙashin matashi, cikin bokiti, bayan ƙofa, ta ce, “Wa zai nemo min K?” yara su bazama. Takan baza su a ƙasa ta kira ɗaya, a yi tsalle a dira a kai. Ta ɗaura igiyar shanya daidai tsayin 'Yar Fari, da maƙalan kaya ake jera haruffa su zama kalma: mama, baba, riga, kaka.

Sai dai makarantar a cikin shago take, shago kuma ba ya jira. Ana tsakiyar riga sai a yi sallama, wata ta kawo siket a rage mata ƙugu, yau-yau take so. Ana komawa sai allura ta karye. Ana gyara allura sai a tarar Auta ta cusa M a baki tana tauna. Ga masu kawo ɗinki, kowace da tata fatawar. “Au, har yanzu ba ki mayar da ita makaranta ba?” “Ɗan ƙanwata da bai kai ta ba yana karanta kwalin shayi.” Anti Tela takan danne zuciya, tef a wuya, fil a baki, ta ce, “Ɗaga hannunki in auna.” Karatun ya zama na tsakanin taka keke da taka keke. Ƙafa na aiki, ido na kan ɗinki, baki na cewa, “Ɗauko min R. Yi sauri mana, ba ki ga aikin da ke gabana ba?”

Kuma 'Yar Fari ta yi saurin. Wata biyu, ko daga ƙarshen tsakar gida aka ɗaga harafi sai ta faɗe shi kafin hannu ya gama miƙewa. Wata uku, tana jera kalma goma sha biyu a igiya ba kuskure. Anti Tela baki har kunne. Ta kira mijinta yana kan hanya ta sa yarinyar ta yi masa karatu a waya. Ta ce masa, “Ka gaya wa Yaya ta zo da littafin manya.”

Saura kwana goma sha biyu Gwaggo Malama ta zo, matar mai kyamis ta shigo karɓar ɗinki, sanye da jar rigar nan. Auta na ganinta ta daka tsalle. “Mama, Mama, ga A ta zo!”

'Yar Fari ta ɗago, ta duba baƙuwar sama da ƙasa, ta ce a hankali, “Ɗankwalinta kuma kamar R.”

Matar mai kyamis ta yi dariya har da riƙe ciki. Anti Tela ma ta yi, tana ninke kaya tana dariya. Kafin ta ƙulle leda dariyar ta ɗauke. Baƙuwa na fita ta ɗauki allin da take zana yanka da shi, ta rubuta A babba a kan tebur.

“Zo nan. Mene ne wannan?”

'Yar Fari ta duba. Ta sake dubawa. Ta kalli uwarta.

“Kar ki kalle ni, ba a fuskata aka rubuta ba. Mene ne?”

Anti Tela ta durƙusa ta tono ragowar koren nan mai ɗigo-ɗigo, ta yanka A da shi, ta ɗaga.

“K!” in ji 'Yar Fari da sauri, har da murmushin wadda ta tsira.

Wata huɗu saura 'yan kwanaki, ashe kalar yadi take koya wa 'yarta. Yarinya ta haddace buhun ƙyalle tsaf, ta san ja, ta san kore, ta san shuɗi da ja da shuɗi da ja shi ne mama, amma ba ta san kamannin harafi ko ɗaya ba. Wani malami a duniya ba zai yi wannan kuskure ba, sai tela. Kuma da yake haushin kai ya fi kowane haushi zafi, sai ta sauke shi inda bai kamata ba. Ta buga tebur har fil ya watse. “Wata huɗu! Na bar ɗinki, na bar hutu, ina ta haushi kamar karya, ashe ke kallon kala kike yi! Idon naki na ado ne? So kike a ɗauke ki, ko? To za a ɗauke ki!”

Auta ta fashe da kuka ta shige ƙarƙashin tebur. 'Yar Fari ba ta yi kuka ba, hawaye ne kawai ke bin kumatunta. Ta ce, “Mama, in na tsaya dubawa sai ki ce in yi sauri kina da aiki. Kalar ta fi sauri.”

Anti Tela ta ajiye koren harafin. Ta zauna a kan buhun ƙyalle. Da ƙyar ta ce, “Kin san ba haka na littafi suke ba?”

“Na sani. Na littafi duk baƙaƙe ne.”

“Me ya hana ki gaya min?”

“Kina murna.”

Ranar ba a ƙara taka keke ba. Ta tattara haruffan masu kala ta cusa a buhu ta ɗaure bakinsa. Ta ɗauko baƙin yadin shafi, wanda take sa wa riguna daga ciki, ta yanka sababbi kaf daga shi. Ta rufe ƙofar titi daga safe zuwa azahar, abin da ba ta taɓa yi ba. Suka koma farko. Ta zana harafi ƙato da alli a siminti, 'Yar Fari ta bi layin da ƙafa. Ta zuba maɓallan riga a faranti, a jera su su yi siffar harafi. Ta kama yatsan yarinyar ta bi da shi gefen kwali, nan ya miƙe, nan ya lanƙwasa, nan ya tsaya. Kalmar sauri kuwa ta hana bakinta faɗa, ko da ta zo mata har kan harshe.

Amma kwana goma sha biyu ba wata huɗu ba ne. Yau a kama harafi uku, gobe biyu sun gudu. Auta ta ƙi baƙaƙen haruffa sam, ta ce munana ne. Ana buga ƙofar titi ana kiran sunan sana'arta, tana ji tana cije leɓe. A karon farko a rayuwarta ta saɓa ranar da ta sa wa mutum, kuma matar ba ta raga mata ba, a bakin titi ta tsaya ta wanke ta tas. A kwana na bakwai ƙafafun 'Yar Fari suka fara ciwo, aka ajiye karatu aka koma ruwan ɗumi da tausa, kwana biyu suka tafi a haka. Ta kira mijinta ta gaya masa gaskiya. Ya ce, “Ki kwantar da hankalinki, komai zai zo da sauƙi.” Ta kashe wayar don kada ta faɗi abin da za ta yi nadama. Mutum yana can yana kallon kwalta, shi ne mai ba da haƙuri.

Gwaggo Malama ta iso ranar Asabar da hantsi, da jakarta da tabaronta. Aka gaisa, aka sha ruwa, aka zauna a tsakar gida, har da baban yara da ya dawo daga hanya. Anti Tela ta shiga ɗauko baƙaƙen haruffa. Kafin ta fito, Auta ta jawo buhun da aka ɗaure, ta kwance shi da haƙori, ta zazzage a gaban baƙuwa. “Gwaggo, ga masu kyau ɗin!”

Malama ta ɗauki ɗaya tana juyawa. “Kai, matarmu! Ke kika yi waɗannan? Wallahi ko a ajina ba mu da irinsu.” Ta ɗaga kore mai ɗigo. “'Yata, wannan fa?”

“K.”

Ta ɗaga wani, ta ɗaga wani, tana ƙara sauri, amsa na zuwa kamar ana zare zare. Ta jera huɗu a ƙasa. “Riga.” Ta canza. “Kaka.” Baban yara ya gyara zama, yana kallon yayarsa yana murmushi. Malama ta cire tabarau ta ninke. “To, ni kam na sha kunya. Littafin ma ba sai na fito da shi ba. Matarmu, riƙe 'yarki, kin fi ni.”

Anti Tela na tsaye a bakin ƙofa, baƙaƙen haruffa a hannu, a bayanta. Abin da ta roƙa wata huɗu ga shi an miƙo mata, kuma ba abin da ake nema a wajenta sai ta yi shiru. Mijinta ya san gaskiya, amma ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Ta dubi 'Yar Fari. Yarinyar ba ta murna. Manyan idanun nan suna kanta, suna jira su ga ko yau ma za a bar Mama ta yi murnarta. Nan Anti Tela ta ji kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. In ta yi shiru, 'yar shekara shida za ta ci gaba da riƙe mata ƙarya.

“Yaya,” ta ce, “fito da littafin.”

Ta faɗi komai, ba ta rage ba. Malama ta mayar da tabarau ta buɗe littafi. Wannan karon ba sauri. 'Yar Fari takan sa yatsa a kan harafi, ta bi shi, ta motsa leɓe, sannan ta faɗa ko ta girgiza kai. Cikin ashirin da aka nuna mata ta san tara. Kalma ko ɗaya ba ta haɗu ba.

Malama ta rufe littafi. “Taran nan na gaskiya ne, kuma cikin kwana goma aka same su. Ban raina ba.”

“To ki ƙara min wata huɗu, Yaya. Yanzu na gane inda na ɓata.”

“Da shago a rufe? Ko a buɗe, kina koyarwa da rabin ido? Shekararta na tafiya, matarmu. Ba ƙwace miki ita zan yi ba. Ki rubuta min magungunanta da duk abin da kike yi in ciwon ya tashi. In ta yi tari sau biyu zan kira ki.”

Anti Tela ta juya wajen mijinta. Ya ce, “Alkawari muka yi, Maman yara.” Gaskiya ya faɗa, kuma ba ta taɓa jin haushin gaskiya irin na ranar ba.

Mako uku ya rage a koma makaranta. Malama ta aiko da yadin yunifom, ta ce ba wanda zai ɗinka sai uwar yarinya. Anti Tela ta tsayar da 'Yar Fari a kan kujera ta auna ta, kafaɗa, hannu, tsayi. Ta auna sau biyu ba don ta manta ba. A cikin makonnin nan haruffa tara sun zama goma sha huɗu, amma ba wanda ya sake zancen jarrabawa.

Ranar tafiya aka sa mata kayan. Sun zauna ɗas, ba inda ya yi yawa. Malama ta durƙusa ta juya bakin rigar ta duba, ta duba hannu, ta ɗago da mamaki. Kowace tela, ko 'yar koyo ce, ta san kayan makarantar yara ana barin kalmasa mai faɗi, yadda in yaro ya ƙara tsayi za a farke a sauke. Wannan ba a bar ko faɗin yatsa ba.

“Matarmu, lafiya? Ke da kike ɗinka wa 'ya'yan mutane na shekara uku? Wannan ai zango ɗaya zai yi mata.”

Anti Tela ta gyara wa 'yarta wuyan riga, ta ɗaure mata rigar sanyi a ƙugu ko da hadari zai taso a hanya.

“Na zango ɗaya na ɗinka, Yaya,” ta ce.